Haƙoran Dona Valdelice a Cikin Hankici

A layinmu na bayan kasuwa, nan garin São Félix, akwai wata rigar sanyi da ba ta da mai ita. Launin toka ce, gwiwar hannunta ta huje, maɓallanta sun zube tun zamanin da ba wanda ya tuna. Duk wanda ranar zuwansa gaban likitan tantancewa ta zo, mace ko namiji, siriri ko mai tumbi, ita yake arowa ya saka, ko da rana tana narka kwalta. Akwai sanda ma, ta masu ciwon ƙafa da ciwon baya, ko da yake an taɓa ganin wani mai ciwon ido ya dogara ta har cikin bas. Riga da sanda duk suna rataye a bayan ƙofar Seu Anacleto, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, wanda ya naɗa kansa malamin layi a kan duk abin da ya shafi kuɗin jinya.

Kuɗin jinya kuwa shi ne abin da gwamnati take ba ma'aikaci idan ciwo ya zaunar da shi. Ba kyauta ba ce, daga albashinka aka daɗe ana cira, amma mutanenmu suna karɓarsa ne kamar abin da suka tsinta, suna waige-waige kada a zo a ƙwace. Bayan 'yan watanni sai ka je birnin Feira likita ya duba ka, ya ce a ci gaba da biya ko a yanke. Wannan zuwan ne yake hana mutane barci.

Dona Valdelice tana cikinsu; a nan Dona ake ce wa mace don girmamawa, namiji kuma Seu. Tun tana budurwa take naɗa taba da hannu a masana'antar bakin kogi, irin mai kaurin nan da ake jerawa a akwatin katako a kai wa masu kuɗi. Yatsunta har yanzu suna nan da wayonsu, kafaɗar dama ce ta ce ta gaji. Da farko da yamma take ciwo, daga baya ta koma tun safe, har ta kai taje kai ya gagara. Ita kaɗai take zaune, 'yarta tana birnin Salvador da nata bakunan da take ciyarwa. Kuɗin jinyar nan shi ne hayarta, shi ne wakenta da garin rogonta. Idan aka yanke, sai dai ta koma teburin taba da kafaɗar da ba ta ɗaguwa, kuma ta san ko mako ba za ta yi ba.

Sai kuma maganar baki. Haƙoran Valdelice na sama sun tafi ɗaya bayan ɗaya, a shekarun da cirewa ta fi gyara araha, kuma mai kantin magani ne yake cirewa a bayan labule. Abin haushin shi ne Allah ya yi ta mai dariya. A teburin taba, idan ta tuntsire, har masu ɗaure akwati a ƙasa sai sun ɗago kai. Da wawulo ya buɗe sai ta koyi rufe baki da hannu, kuma hannun da ya koyi aikin shi ne na dama. Yanzu duk dariya ɗaya sai ta biya ta da zogin kafaɗa. Mutane suka ce ciwo ya sa ta zama shiru-shiru, ba su san lissafin da take yi kafin ta yi murmushi ba.

Ta taɓa hawa bene wurin likitan haƙori na kuɗi, wanda yake saman shagon takalma. Ya leƙa bakinta, ya faɗi farashi, ta yi masa godiya ta sauko a hankali tana riƙe da ƙarfen matakala. Ba ta sake bin wannan gefen titin ba.

Jucimara ce ta tayar da maganar, ma'aikaciyar lafiya da take bi gida-gida da abin awon jini a jaka. Ta gama awo tana naɗe igiya, sai ta ce wa Valdelice, “Dona Lice, me ya sa ba ki ba da sunanki a asibitin unguwa ba? Suna yin haƙoran roba, kuma ba a biyan ko sisi.”

“Ni da nake karɓar kuɗin jinya?”

“To me ya haɗa?”

“Seu Anacleto ya ce kwamfutar tasu ɗaya ce. Da ta ga sunan mutum a wuri biyu, sai ta goge ɗaya. Kuma kin san wanda za ta goge.”

Jucimara ta zauna a hannun kujera ta yi dariya har da riƙe ciki. “Seu Anacleto bai taɓa kunna kwamfuta ba, Dona Lice. Rediyonsa ma jikarsa ce take kama masa tasha. Asibiti daban, ofishin jinya daban. Haƙƙinki ne nan, haƙƙinki ne can. Sai dai layin jiran da tsawo, ba zan yi miki ƙarya ba.”

“Ke yarinya ce, ba ki san gwamnati ba.”

“Ni gwamnati nake yi wa aiki, Dona.”

“Shi ya sa.”

Amma Valdelice ta ba da sunan, da sharaɗin kada layi ya ji. Daga nan ta shiga zullumi. Duk ƙarshen wata sai ta je banki a tsorace, kuma duk wata kuɗin yana nan bai ragu ba. Damina ta zo ta wuce, kogi ya cika ya janye, har ta fara mantawa da zancen, sai ga Jucimara ta ƙwanƙwasa taga ta ce layin jira ya kai kanta.

Likitan haƙorin asibitin wani saurayi ne mai yawan waƙa ta hanci. Ya cire guntayen da suka rage, ya bar dasashi ya warke, ya cika mata baki da wani abu mai sanyi kamar ƙullun rogo don ya ɗauki awo. Ranar da haƙoran suka iso ya saka mata, ya goge nan ya rage can, sannan ya miƙa mata madubi yana cewa ta riƙa sa su kullum har baki ya saba, kuma kada ta yi gaggawar cizon abu mai tauri. Valdelice ba ta ji rabin maganarsa ba. Leɓenta na sama da ya shige ciki shekara da shekaru ya dawo wurinsa, kumatunta sun taso. Ta ga matar da ta sani, wadda ta ɗauka ta tafi ke nan. Murna ta kama ta har ta ji kunya, don ba ta san tana kewar fuskar nan haka ba.

Ta sauko gida a ƙafa, ta gaida mai burodi, ta gaida mai kifi, ta gaida har wanda suka yi shekara ba sa magana. Layi ya ɗauka. Mata suka riƙa leƙowa wai aron gishiri, ita kuwa tana ba su gishirin da murmushi a kai. Watan Yuni ya kama, an fara rataya tutocin takarda na bikin São João, masu masara sun fara kafa murhu a bakin gada. A cikin wannan daɗin ne saƙo ya zo cewa ranar tantancewarta ta matso.

Da la'asar ta je aron riga. Seu Anacleto yana zaune a ƙofa da kwanon faten rogo a cinya. Shi ma bakinsa fayau yake, idan yana magana iska tana fita ta ko'ina, amma hakan bai taɓa rage masa yawan magana ba. Ya dube ta sama da ƙasa, ya girgiza kai.

“Maƙwabciya, da wannan bakin za ki je Feira?”

“Da wanne zan je? Shi ke gare ni.”

“Ki cire su. Ki naɗe a hankici ki jefa a jaka. Likitan nan minti nawa yake da shi a kanki? Kallo ɗaya zai yi miki. Ya ga mace da haƙora farare ƙal kamar mai tallan man goge baki, me kike so ya rubuta? Zai ce wannan ta warke, har ta samu kuɗin kwalliya.”

“Kyauta aka yi mini, Seu Anacleto.”

“A goshinki aka rubuta kyauta? Ki saurare ni. Ba jan baki, ba ɗan kunne, ba turare. Kada ki gyara gashi. Idan ya ce yaya jiki, kada ki ce da sauƙi, wannan gaisuwar ta kashe mutane da yawa. Kada ki yi dogon bayani, mai ciwo ba ya surutu. Ki sunkuyar da kai ki yi nishi.”

“Kai da bakinka ba ya hutawa, yaya aka yi ka ci taka tantancewar?”

Ya yi dariya, dasashinsa a waje. “Ni nan da kike gani ina da haƙora. Masu kyau ma, na kuɗi. Suna cikin gwangwanin madara a saman kabad. Ranar tantancewata ta farko na cire su, kuma ban sake sawa ba, don ba ka san wa zai gan ka a kasuwa ya kai rahoto ba. Ga shi nan, har suka gaji suka mai da ni ɗan fansho. Dabara ce, maƙwabciya, ba sa'a ba.”

Ta karɓi rigar ta koma gida jikinta a sanyaye. Ta san Jucimara za ta ce shirme ne, amma Jucimara albashinta yana zuwa ko ta yi dariya ko ba ta yi ba. Anacleto kuwa ya bi hanyar nan ya fita lafiya. Kwana nawa ne? Yini ɗaya tak. Haka ta riƙa gaya wa kanta tana wanke kwanoni da hannun hagu.

Da safe ta tsaya gaban madubin bango, ta sa yatsa ta ciro haƙoran. Fuskar ta rufta nan take. Ta ɗauraye su, ta naɗe a farin hankici, ta ƙulle bakinsa, ta tura can ƙasan jaka kusa da hotunan kafaɗa da aka ɗauka a asibiti. Ta saka rigar toka. Ta bi ta bayan layi zuwa tasha don kada ta haɗu da mai burodi, kuma da ɗan kwandasta ya gaishe ta, kai kawai ta gyaɗa masa.

Ɗakin jira a Feira cike yake. Valdelice ta samu kujera ta zauna tana kallon mutane ta ƙasan ido. Maza ba su yi aski ba, mata sun ɗaura tsofaffin ɗankwali, kowa ya zo da mafi munin takalminsa. Ta gane cewa kowane layi a jihar nan yana da nasa Anacleto da tasa rigar toka. Kuma abin da ya fi ba ta tausayi, ciwon nasu na gaske ne. Mutumin da yake gefenta hannunsa yana rawa ba da wasa ba, amma ya ƙara da yagaggiyar hula, kamar rawar hannun ba ta isa shaida ba.

Aka kira sunanta. Likitar mace ce, ba yarinya ba, gilashinta a kan hanci, kofin kofi da ya huce a gefen kwamfuta. Ta nuna mata kujera ba tare da ta ɗago ba, ta karɓi hotunan ta ɗaga su a hasken taga.

“Wane aiki kike yi, Dona Valdelice?”

“Naɗin taba.” Hannun dama ya tashi da kansa ya rufe baki, zogi ya sauka har wuya.

“Me? Ban ji ba.”

“Taba,” ta ce ta bayan yatsu.

“Ki nuna mini yadda aikin yake, da inda yake kama ki. Hoton nan tsoho ne, ba zai gaya mini komai a kan yau ba. Ke ce za ki gaya mini.”

Valdelice ta sunkuyar da kai ta yi nishi, kamar yadda aka koya mata. Likita ta jira. Valdelice ta sake gwada magana, kalmomin suka fito a cakuɗe, rabi iska rabi yawu, hannu yana bisa baki. Ta ga likita ta dubi agogo, ta ga yatsunta sun koma kan kwamfuta za su rubuta abin da suka samu, wanda ba komai ba ne.

“Dona, ki sauke hannun nan, don Allah. Akwai mutane a waje, kuma ni ban fahimci ko kalma ɗaya ba.”

Tsoro ya kama Valdelice sosai. Sai kuma haushi ya biyo baya, ya fi tsoron ƙarfi. Shekara nawa tana aikin nan, a ce yau ta kasa faɗin sunansa a gaban mace 'yar uwarta? Ta jawo jaka ta ɗora a cinya.

“Ki yi mini haƙuri kaɗan, likita.”

Ta lalubo hankicin, ta kwance ƙullin da hannun hagu da taimakon yatsun dama, ta juya ta fuskanci bango, ta saka su. Ta danna da babban yatsa har suka zauna. Sannan ta juyo, ta ajiye hannayenta biyu a kan teburin likita.

Ta yi magana. Ta nuna yadda ake shimfiɗa ganye, yadda ake danna wuƙa da nauyin kafaɗa ba da yatsu ba, yadda ake murzawa gaba a dawo baya tun safe har la'asar. Ta ce a nan yake kamawa, ta bayan nan, ya gangaro zuwa gwiwar hannu. Ta ce ba ta iya kwanciya ta dama, ba ta iya shanya wanki, tukunyar wake sai ta jira maƙwabciya ta sauke mata. Ta ce da sauƙi wasu ranakun, ba za ta ɓoye ba, amma ranar da ta gwada share tsakar gida sai da ta yi kwana biyu ba ta moru ba. Likita ta tashi ta zagayo, ta cire mata rigar toka a hankali, ta ɗaga hannun har inda ya tsaya, ta juya shi, ta danna wani wuri da ya sa hawaye ya fito wa Valdelice ba shiri. Ta koma ta zauna ta yi rubutu mai tsawo.

Valdelice ta kasa haƙuri. “Likita, kyauta aka yi mini su. A asibitin unguwa. Ban saya ba.”

“Me?”

“Haƙoran.”

Likita ta ɗago, ta cire gilashi, ta dube ta da kyau a karo na farko. Ta dubi hankicin da yake kan tebur, ta dubi rigar toka a bayan kujera, kuma da alama ba yau ta fara ganin irin rigar ba.

“Sun yi miki kyau,” ta ce. “Amma ba da haƙori ake naɗa taba ba, Dona. Kafaɗar nan ba ta komawa aiki yanzu. Za ki ga sakamako, ki je ki ci gaba da gashin ƙashin da aka rubuta miki a asibiti. Kuma in kin tashi dawowa, ki zo da bakinki a bakinki, ki rage mana aiki.”

A bas ɗin komawa Valdelice ta naɗe rigar ta ɗora a cinya, ta zauna kusa da taga. Wata mata ta tambaye ta ko lafiya take murmushi ita kaɗai, ta ce lafiya lau.

Rana ta yi sanyi da ta iso layi. Hayaƙin gasasshiyar masara ya cika ko'ina, ana ta jera itacen wutar biki a ƙofar gidaje. Seu Anacleto yana inda ta bar shi jiya. Ya hango haƙoran tun daga nesa, ya dafe kai.

“Kin kashe kanki, maƙwabciya.”

Ta miƙa masa rigar, ta zauna a dakalinsa, ta ba shi labari tun daga farko, ba ta rage komai ba. Ta zaci zai yi gardama, don shi mutum ne da ko ruwan sama sai ya yi masa gyara. Bai yi ba. Ya riƙa shafa rigar a cinyarsa yana kallon titi.

“Ta ce ba ruwanta da baki?”

“Ta ce in zo da shi ma.”

Ya tashi ya shiga ciki. Ta ji ana jan kujera, ta ji nishinsa yana hawa. Ya fito da gwangwanin madara mai tsatsa a baki, ya zauna, ya buɗe da ƙyar. Haƙoran suna ciki a naɗe da auduga, sun ɗan yi rawaya, amma ko ɗaya bai karye ba. Ya goge su da gefen riga, ya juya mata baya kamar yadda ta juya wa likita, ya saka. Suka faɗo a tafin hannunsa. Ya sake sakawa ya danna, suka sake faɗowa. Dasashin ya shanye tun tuni, babu inda za su kama.

Da a jiya ne da Valdelice ta yi dariya har ta faɗo daga dakali. Yau ba ta ji dariya ba, tausayi ta ji, da wani tsoro na abin da ya kusa samunta.

“Matata marigayiya Dalva ce ta saya mini,” ya ce, bai juyo ba. “Da kuɗin ɗinkinta. Ranar auren 'yarmu ta roƙe ni in sa, don hoto kawai. Na ce mata hoto yana yawo, ba a san hannun da zai faɗa ba.” Ya juya haƙoran a tafinsa. “Yana nan a falo, kin sha ganinsa. Kowa yana dariya, ni na tsuke baki kamar an kawo ni dole.”

Valdelice ta san hoton. Ta daɗe tana ɗauka fushi yake yi da angon.

Can ƙasan layi wani ya fara gwada kiɗan akodiyon, yana kamawa yana saki. Anacleto ya mai da haƙoran cikin auduga, ya rufe gwangwanin, ya riƙe shi da hannu biyu.

“Yarinyar nan mai awon jini,” ya ce, “yaushe take zagayowa?”

“Jibi, in Allah ya kai mu. Amma layin da tsawo, Seu Anacleto.”

“Ki ce ta rubuta ni,” ya ce. “Na iya jira. Shi kaɗai na iya.”